Hubbaren Sesiliya Metela da Al'adar Ziyarar Kaburbura a Hanyar Apiya

Tun a cikin dokokinsu na farko, waɗanda aka rubuta a alluna goma sha biyu wajen shekara ta 450 kafin Miladiyya, Rumawa sun haramta binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Kuma da yake manyansu mutane ne ma'abota alfahari da nasaba, waɗanda ba su yarda mutuwa ta raba su da idon jama'a ba, sai suka jera kaburburansu a gefen manyan hanyoyin da ke fita daga Rum, inda babu falke ko mayaƙi ko manzo da zai wuce bai gan su ba. Mafi daraja a cikin hanyoyin nan ita ce Apiya, wadda Apiyus Kalaudiyus ya fara shimfiɗawa a 312 kafin Miladiyya zuwa Kapuwa, daga bisani aka kai ta har Birindisi a gaɓar teku.

A mil na uku daga birni, bisa wani tudu na dutsen aman wuta, akwai hubbaren Sesiliya Metela, wanda aka gina a farkon zamanin sarki Agustus. Gini ne kewayayye kamar rumbu, faɗinsa kusan mita 30, an ɗora shi a kan tushe mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da farin dutse, an kuma zagaye samansa da sassaƙen ƙoƙunan kan shanu da furanni. Amma duk wanda ya tsaya ya karanta allon da ke fuskantar hanya, yana fatan sanin wace ce wannan mata da aka yi wa irin wannan hidima, zai tarar da abin da aka rubuta bai wuce sunanta ba, da cewa ita 'yar Metelus ce wanda ya ci tsibirin Kirit da yaƙi, kuma matar Karasus. Ba shekarunta, ba halinta, ba ko kalma ɗaya ta alhini. A ganina wannan shi ne asirin al'adar baki ɗaya: matafiyi aka yi wa ginin, domin ya san gidaje biyu masu ƙarfi sun haɗa jini, marigayiyar kuwa hujja ce kawai. Galibin malaman tarihi sun tafi a kan cewa mijin nata ɗa ne ga Karasus mai dukiya, wanda a shekara ta 71 kafin Miladiyya ya gicciye bayi 6,000 na tawayen Ispartakus a gefen wannan hanya ɗin. Ashe gidan ya daɗe da sanin amfanin bakin hanya wajen isar da saƙo.

Ziyarar asali ta dangi ce. Kowace shekara, daga 13 zuwa 21 ga Fabrairu, a kwanakin da suke kira Parentaliya, ana rufe ɗakunan bautarsu, a dakatar da ɗaurin aure, iyalai su fita bayan gari da hatsi da gishiri da gurasa jiƙe da giya, su ajiye wa magabatansu, su ci abinci a gefen kabarin. Mai karatu Musulmi zai lura da nisan da ke tsakanin wannan da ziyarar da shari'armu ta sani, wadda maƙasudinta tuna Lahira da yi wa mamaci addu'a. Ga Rumawa kam biyan haƙƙi ne ga matattu don a zauna lafiya da su, tare da sabunta da'awar nasaba a gaban shaidu.

Da daular ta rushe, zuriyoyin suka ƙare, akasarin kaburburan Apiya sun zama wurin ɗibar duwatsu, ana ƙona marmara a yi farar ƙasa. Abin da ya tsirar da na Metela shi ne amfaninsa ga masu ƙarfi, domin a wajen 1303 gidan Kayetani, da goyon bayan ɗan'uwansu Fafaroma Bonifas na Takwas, suka mai da shi hasumiyar ganuwarsu, suka tare hanya suna karɓar kuɗin fito daga duk mai wucewa, har matafiya suka riƙa kauce mata.

Sai kuma wata ziyarar daban, ta 'ya'yan manyan Turai na ƙarni na 18 da na 19, waɗanda ba a ɗaukar iliminsu ya kammala sai sun ga kufan Rum. A zanen da Tishbain ya yi wa Gete, marubucin Jamus, a 1787, ana hango hubbaren daga nesa. Bairon na Ingila kuwa, a waƙarsa ta 1818, ya tsaya gabansa yana ta kirdadon ko matar ta rasu da ƙuruciya ko da tsufa. Ina ganin raunin wannan salon ziyara shi ne mai ziyarar kansa yake kallo, shirun allon ya zame masa filin zuba tunaninsa, alhali Barume na zamanin Agustus, da ya ga sunayen nan biyu, ya fahimci duk abin da ake nufi ya fahimta. Har yau, bayan da hukumar UNESCO ta sanya hanyar cikin kayan tarihin duniya a 2024, maziyarta da yawa suna ɗaukar hoton haƙoran ganuwar da ke saman hubbaren a matsayin aikin Rumawan dauri, alhali na Kayetani ne, kuma tsakaninsu da ginin da ke ƙarƙashinsu akwai fiye da shekara 1,300.