Leigh Day, gidan da ɗan koyo ke zama lauyan talaka

Duk matashin da ya tambaye ni inda zai je ya goge a aikin lauya a Ingila, wallahi ba sai na yi dogon tunani ba. Leigh Day zan ce masa, in ƙara maimaitawa da ƙarfi! Ba ya cikin ƙattin kamfanonin birnin Landan irin su Clifford Chance da Linklaters, kuma ya wuce ɗan ofishin unguwa nesa ba kusa ba. Matsakaici ne. Martyn Day da Sarah Leigh suka kafa shi a 1987, kuma ƙa'idarsa guda ce ta sace min zuciya: wanda aka cuta yake tsaya wa, ba ya kare manyan kamfanoni ko masu inshora.

A Najeriya wanda aka rantsar ya zama barista kuma solisita lokaci guda, amma a Ingila aikin rabe yake. Solisita shi ne mai zama da mai ƙara, ya ji kukansa, ya tattara hujjoji, ya gina shari'ar tun daga tushe. Kafin SRA, hukumar da ke kula da solisitoci, ta ba mutum wannan matsayi sai ya yi shekara 2 yana koyon aiki a hannun ƙwararru, ya kuma ci jarrabawa, wadda tun 2021 sabon tsarinta shi ne SQE. Yawancin kamfanoni kan yanka shekarun nan gida huɗu, wata 6 a kowane sashe. Leigh Day kuwa an san shi da barin ɗan koyo ya yi shekara cur a sashe guda, kuma a ganina nan ne hikimar take. Shari'ar wanda sakacin asibiti ya nakasa, ko ta tsohon ma'aikacin da ƙurar asbestos ta cinye wa huhu, ba a wata shida take nuna ba. Wanda ya shekara a kanta zai san mai ƙarar da iyalinsa, ya rubuta bayanan shaidu, ya yi ta kai-komo da likitoci masu ba da rahoto, ya raka barista kotu. Kafin ya tashi, fayil ɗin ya zama nasa.

To kuma wane irin fayil! Wannan gidan ne ya tsaya wa mutanen Bodo na ƙasar Ogoni a Jihar Ribas bayan malalar mai ta kashe musu kamun kifi, har Shell ya amince a Janairun 2015 zai biya fam miliyan 55. Shi ne ya kai ƙarar al'ummomin Ogale da Bille har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta yanke a Fabrairun 2021 cewa za a iya sauraron ƙarar da suka shigar kan uwar kamfanin Shell a Ingila. Kafin nan, a 2013, dattawan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau sun yi sulhu da gwamnatin Birtaniya kan fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, ministan harkokin wajenta na lokacin, William Hague, kuma ya miƙe a majalisa ya bayyana nadamarta. Duk lokacin da na tuna tsofaffin nan, waɗanda suka jira sama da shekara hamsin, sai jikina ya yi sanyi, in ji ƙaunar lauyoyin ta ƙaru. Shari'a mai dubban masu ƙara hannu da yawa take ci, domin kowane mutum sai an ji ta bakinsa an tantance asararsa, kuma a irin wannan aiki ne ƙananan lauyoyi ke ƙuna su gasu.

A cikin Birtaniya ma haka. Dubban ma'aikatan kantunan Asda, galibinsu mata, masu neman a daidaita albashinsu da na mazan da ke rumbunan ajiya, Leigh Day ne lauyansu, sun kuma yi nasara a wani muhimmin mataki a Kotun Ƙoli a Maris 2021.

Kuɗi fa? Gaskiya ba za a haɗa ba. A 2024 ƙattin Landan sun kai albashin sabon solisita fam 150,000 a shekara, kamfanin da ke kare talaka ba ya biyan haka. Amma ni ko a jikina! Wanda ya shiga wurin ƙattin can zai iya shafe watanni yana tace takardun cinikin da bai taɓa ganin masu shi ba. A nan kuwa mai ƙarar ne da kansa zai buga waya, muryarsa na rawa, yana tambayar inda aka kwana.

Abin da ya ƙarasa saye ni shi ne ƙofar da suka buɗe a 2019: shirin koyon aiki ga matasa baƙar fata da suka gama sakandare, su riƙa aiki ana biyansu suna karatu har su zama solisita, ba tare da dakon bashin jami'a ba. Ga kuma ofisoshi a Manchester da Leeds, saboda haka ba dole sai mutum ya iya biyan hayar Landan ba kafin ya nemi gurbi. Allah ya ƙara musu ɗaukaka!