Matsayin Ƙananan Taurari a Wasannin Kwaikwayo na Talabijin

Manazarta sun saba kasa 'yan wasa gida biyu, wato babban tauraro da ƙananan taurari. Wannan takarda tana ganin cewa sunan nan na biyu ya jawo wa masu shi rashin adalci wajen rabon lambobin yabo.

A Amurka, tun daga kafa kyautar Critics' Choice ta talabijin a 2011, masu sharhi suka ware wa mataimakan taurari nasu rukuni. A nan gida kuwa, sa'ad da Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci lambar AMVCA a 2016, shirin ne dungurungum aka yaba.

Sai dai duk wanda ya duba zubi da tsarin Daɗin Kowa zai tarar ba a kan mutum guda aka gina shi ba. Gari ne sukutum. Kamaye, wanda Ɗan'azumi Baba ya fito a matsayinsa, da matarsa Adama, su ne ke ɗauke da jigon talauci da zaman aure. Manomi a Zakirai, cikin ƙaramar hukumar Gabasawa, ya fi ganin kansa a gidan Kamaye bisa ga falon attajiri.

Saboda haka ya wajaba sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su tsara ma'aunin tantance irin waɗannan 'yan wasa, ta fuskar sarrafa harshe, da dacewa da hali, da gudummawarsu ga warwarar jigo. In masana suka yi shiru, farin jini kaɗai zai ci gaba da yanke hukunci.