Kirari da shaida: me ya cancanci shiga gidan tarihin ƙungiyar Reds?

A bakin kogin Ohayo, cikin birnin Sinsinati na ƙasar Amurka, akwai wani gini da aka jera ƙwallaye 4,256 a jikin bangonsa, daga ƙasa har hawa na uku. Gidan tarihin ƙungiyar wasan besbol ta Reds ke nan, wanda aka buɗe a shekarar 2004 a gefen filin wasanta. Kowace ƙwallo tana tsaye a madadin bugu ɗaya da ɗan wasa Pete Rose ya ci a rayuwarsa. Abin mamakin shi ne, mutumin da aka yi wa wannan bango ya shekara 35 a kore daga wasan, kuma a kore ya koma ga Mahaliccinsa a watan Satumba na 2024. Wannan ya isa ya ta da tambayar da ta shafi kowane gida irin wannan: mene ne ya cancanci a ajiye a ciki, kuma wa ake yi wa ajiyar?

Mai karatun da bai saba da wasan ba yana buƙatar ɗan bayani. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da kulki, ya ruga zuwa zangon farko daga cikin huɗu. In ya isa kafin abokan hamayya su cafke ƙwallon ko su riga shi kai ta can, an rubuta masa bugu ɗaya. Gwani na gwanaye sau uku kawai yake dacewa cikin goma. Rose ya yi shekara 24 yana tara nasa, daga 1963 zuwa 1986, kuma ranar 11 ga Satumba 1985 ya wuce adadin Ty Cobb, wanda ya tsaya ba a taɓa shi ba tun 1928.

Gida ɗaya, aiki biyu

Tushen ruɗanin yana cikin sunan wurin kansa, domin abu biyu aka haɗa ƙarƙashin rufi guda. Akwai zauren gwaraza, wanda ƙungiyar ta kafa tun 1958, inda ake kafa allon tagulla da sunan ɗan wasa da siffarsa. Ernie Lombardi da Johnny Vander Meer suna cikin waɗanda aka fara sakawa. Akwai kuma ɗakunan ajiya, inda riguna da kulake da kofuna da hotuna suke. Aikin zauren aikin maroƙi ne: ya zaɓi abin yabo, ya kambama shi, ya yi shiru a kan saura, kuma babu mai ganin laifinsa, don haka sana'arsa take. Aikin ɗakin ajiya kuwa aikin mai ba da shaida ne a gaban alƙali, wanda in ya ɓoye rabin abin da ya gani ya zama mai shaidar zur ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Babban zauren ƙasa da ke garin Cooperstown, a jihar Niyok, ya daɗe da raba ayyukan nan biyu. A 1991 ya kafa doka cewa wanda hukumar wasan ta kora ba za a jefa masa ƙuri'ar shiga zaure ba, amma bai fitar da kayan Rose daga ɗakunan nuni ba. Haka kuma ya karɓi ƙwallon da Barry Bonds ya buga a 2007 lokacin da ya kafa sabon tarihi da bugu na 756 zuwa bayan shinge, duk da cewa wanda ya saye ta ya sa an yi mata tambarin tauraro don tuna zargin shan magungunan ƙara ƙarfi. An baje ta da tambarinta. Wannan ƙwallo ta fi kofuna da yawa magana, saboda ta ɗauko bajintar da shakkar da ke kanta gaba ɗaya.

Ɗan gida da laifinsa

A Sinsinati aka haifi Rose a 1941. Ba shi da baiwar jiki irin ta waɗansu, sai naci da zafin nama, har ya saba faɗawa zango da ƙirji, kai a gaba. Mutanen birnin, waɗanda da yawansu ma'aikatan masana'antu ne, sun ga kansu a cikinsa. Tare da Johnny Bench da Joe Morgan da Tony Pérez ya ɗauko wa ƙungiyar kofin zakaru a 1975 da 1976, sannan ya dawo ya zama mai horar da ita daga 1984.

A 1989 lauya John Dowd ya miƙa wa shugaban hukumar wasan, Bart Giamatti, rahoto mai shafi 225 da ke nuna Rose yana caca a kan wasannin ƙungiyar da yake jagoranta, har wasa 52 a kakar 1987 kaɗai. Doka ta 21 ta wasan, wadda ake liƙawa a ɗakin sauya kayan kowace ƙungiya, ta ce hukuncin wannan shi ne kora ta har abada. A watan Agusta Rose ya sa hannu ya karɓi korar, amma ya ci gaba da musu kusan shekara 15. Sai a 2004, cikin littafin da ya fitar don sayarwa, ya amsa laifinsa. A 2015 kuma wani littafin lissafin ɗan caca ya fito fili, ya nuna tun yana ɗan wasa a 1986 yake yi, abin da ya sha musantawa ko bayan amsa laifin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Masu kare shi suna cewa bai taɓa caca don ƙungiyarsa ta faɗi ba, kuma babu hujjar da ta nuna ya yi. Wannan kariya ba ta da ƙarfin da ake zato. Mai horarwa da ya zuba kuɗi a wasan yau zai iya gajiyar da gwanin jifansa don ya ci yau, ya bar na gobe ya lalace. Ranar da bai zuba ba kuwa, shirunsa labari ne ga masu karɓar caca. Shekara tana da wasa 162, kuma ɗan kallo ya biya kuɗin kujera ne bisa amanar cewa kowane ɗaya daga ciki ana yin sa da zuciya ɗaya.

Duk da haka, a watan Yuni na 2016, da izinin hukumar, Reds ta saka Rose a zaurenta, ta jingine lambar rigarsa ta 14, a shekara mai bi kuma ta kafa mutum-mutuminsa a ƙofar fili. Ƙungiyar Phillies ta Filadelfiya, wadda ya taimaka wa ta ci kofi a 1980, ta shirya yi masa irin wannan karramawa a 2017, amma ta fasa bayan wata mata ta ba da shaida a kotu cewa ya yi hulɗa da ita a shekarun 1970 tun ba ta cika shekara 16 ba. Shi kuwa ya amsa hulɗar, ya ce a saninsa ta cika. Mutum ɗaya, birane biyu, hukunci biyu. Sinsinati ta yi hukuncin uwa, Filadelfiya ta yi na maƙwabci.

Hukuncin uwa ba abin zargi ba ne a zauren ƙungiya. Zauren ƙasa yana auna mutum da ma'aunin wasan baki ɗaya, har da hali da riƙon amana. Zauren ƙungiya kuwa tambayarsa ita ce: wa ya shiga rayuwar wannan birni har ba a iya ba da labarinsa ba tare da shi ba? A wannan ma'auni, zauren Reds da babu Rose zai zama abin dariya. Sai dai so hana ganin laifi ne, kuma a nan ɗakin ajiya ya kamata ya karɓi aikinsa. Inda aka jera ƙwallaye 4,256, nan ne wurin kwafin rahoton Dowd, da allon doka ta 21, da takardar da Rose ya sa wa hannu. Yaron da ya ɗaga kai yana ƙirga ƙwallaye yana da haƙƙin ya sauke ido ya ga abin da ya raba mai su da wasan.

Kofin farko da inuwarsa

Caca ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan ƙungiya. Kofinta na farko, na 1919, ta ci shi ne a kan White Sox ta Shikago, wasa biyar da uku, daga baya aka gano cewa waɗansu ƴan wasan Shikago sun karɓi kuɗin ƴan caca don su faɗi. Kotu ta sallame su a 1921, amma shugaban hukumar na farko, alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya kori mutum takwas har abada. Ƴan wasan Reds ba su aikata komai ba, kuma gwaninsu Edd Roush ya rayu har 1988 yana nanata cewa ko ba maguɗi su ne da nasara. Wataƙila gaskiyarsa ne, amma an ƙwace masa hanyar tabbatar da ita. Wannan ita ce ɓarnar caca da babu jawabin da zai nuna ta kamar kayan 1919 in an baje su da cikakken bayani: ta cuci wanda ya faɗi, ta kuma cuci wanda ya ci.

Labarin bai tsaya can ba. A 2018 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni. Ranar 1 ga Janairu 2023 jihar Ohayo ta buɗe tata, kuma wanda aka gayyata ya zuba kuɗin farko a wani gidan caca na Sinsinati shi ne Pete Rose. Yanzu tallan kamfanonin caca ya cika filayen wasa da akwatunan talabijin. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar, Rob Manfred, ya yanke cewa kora tana ƙarewa da mutuwa, ya cire sunan Rose da na korarrun 1919 daga jerin. Laifi tudu ne. Gidan tarihin da zai nuna laifin Rose ya ɓoye cinikin da wasan ke yi da caca a yau ya taka nasa ya hango na wani.

Waɗanda aka bari a bakin ƙofa

Akwai abin da ya fi caca nauyi. Ƙungiyar tana alfahari da cewa a Sinsinati aka kafa ƙungiyar ƴan wasan albashi ta farko a 1869, kuma a tsohon filinta na Crosley aka fara buga wasan manya da dare ƙarƙashin fitilu a 1935. Amma Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a Brooklyn tun 1947, Reds kuwa sai a 1954 ta sa Nino Escalera da Chuck Harmon a fili. Shekara bakwai ɗin nan su ma tarihi ne, kuma wurin da babu rigar da za a rataya saboda an hana mai ita shiga, ya cancanci a rubuta dalili. Haka zamanin Marge Schott, mai ƙungiyar daga 1984 zuwa 1999. A hannunta aka ci kofin 1990, kuma ita ce hukumar ta dakatar a 1993 saboda kalaman wariyar launin fata, ta sake dakatar da ita a 1996 bayan ta yabi farkon mulkin Hitler. A 2020 jami'ar Sinsinati ta cire sunanta daga filin wasanta. Ba a iya nuna kofin 1990 a share hannun da ya karɓe shi, ba a kuma iya nuna hannun a share bakin.

Ana iya cewa ƙungiya kasuwa ce, mutane sun zo da ƴaƴansu su huta, ba su zo makaranta ba. Amsar tana nan kusa. Ƴan taku kaɗan daga filin wasan, a bakin kogin nan da ya taɓa raba jihohin bauta da na ƴanci, an buɗe wata cibiyar tarihin bayin da suka gudu, ita ma a 2004. A cikinta an sake kafa wani kurkukun katako da wani dillalin bayi na jihar Kentaki yake tsare mutane a ciki kafin ya sayar da su. Iyaye suna kai ƴaƴansu can. Birnin da ya iya kallon wannan ɗaki ba zai kasa kallon shafi 225 na rahoton lauya ba.

Ba kuma abin kunya kaɗai ake nema wa wuri ba. Hoton ambaliyar 1937, lokacin da ruwa ya shanye filin Crosley har ɗan wasa ya tuƙa kwalekwale ta saman shingensa, ya fi allon tagulla goma faɗin yadda birnin ya rayu. Haka labarin Joe Nuxhall, wanda aka sa ya yi jifa a 1944 yana da shekara 15 saboda yaƙi ya kwashe manya, daga baya ya shafe shekaru da yawa yana ba da labarin wasa a rediyo. Ta muryarsa dubban mutanen da ba su taɓa sayen tikiti ba suka san ƙungiyar.

Kammalawa

Ma'aunin da ya fito daga duk wannan mai sauƙi ne. Allon tagulla na wanda birni ya so ne, kuma a bar birni da zaɓinsa. Akwatin gilashi kuwa na duk abin da zai iya ba da shaida ne, daɗi ko ɗaci. A watan Disamba na 2027 ne wani kwamitin Cooperstown zai iya duba sunan Rose a karon farko. Ko ya shiga ko bai shiga ba, waɗanda suka gan shi yana faɗawa zango da ƙirji suna ta raguwa, kuma nan gaba kaɗan abin da ke cikin ginin nan na bakin kogi shi ne zai zama iyakar abin da yaran Sinsinati suka sani game da shi. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai in mai waiwayen bai rufe ido ɗaya ba.