Mugu Ba Shi da Kama: Yadda 'Yan Kallo a Auyo Suka Karɓi Fim ɗin Ek Villain

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi yadda 'yan kallo a garin Auyo, cikin ƙasar Haɗeja, suka karɓi wani fim na Indiya mai suna Ek Villain, wanda Mohit Suri ya shirya, aka fitar a shekarar 2014. Manazarta irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun riga sun yi bayani mai gamsarwa a kan yadda finafinan Indiya suka sami gindin zama a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950, musamman ta fuskar soyayya da auren dole da waƙa. Abin da bai sami irin wannan kulawa ba shi ne fim ɗin da jigonsa kisan kai ne, kisan ma irin na mutumin da yake bin mutane yana hallaka su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ci wata riba ba. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, mai kallo Bahaushe ba ya yarda da kisan da ba shi da dalili. Idan fim bai ba shi dalili ba, sai ya nemo da kansa, idan kuwa fim ya miƙa masa wani dalili na banza, akwai haɗarin ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Labarin a taƙaice

Taurarin fim ɗin uku ne. Akwai Guru (Sidharth Malhotra), tsohon yaron wani uban 'yan daba, wanda ya tuba saboda son wata yarinya mai suna Aisha (Shraddha Kapoor), har suka yi aure. Sai Rakesh (Riteish Deshmukh), ma'aikacin kamfanin wayar tarho a birnin Mumbai, talaka, mai sanyin murya, mai ɗa guda, wanda matarsa Sulochana ba ta da aiki dare da rana sai yi masa gorin rashi da gazawa. Rakesh ba ya tanka mata, hasali ma son ta yake yi kamar ransa. Amma duk macen da ta ɗaga masa murya a waje, sai ya bi sawunta har gida, ya kashe ta da sukundireban aikinsa, ya ɗauki wani abin adonta ya kai wa matarsa tsaraba. Aisha tana cikin waɗanda ya kashe, tana ɗauke da ciki, saboda faɗan da ta taɓa yi masa a kan wani ɗan abu. Ragowar fim ɗin farauta ce: Guru ya gano shi, ya yi masa dukan kawo wuƙa, sa'an nan ya kai shi asibiti ya biya kuɗin magani, domin ya warke ya sake dukansa. Wannan dabara ta yi kama ƙwarai da ta fim ɗin ƙasar Koriya ta Kudu mai suna I Saw the Devil na 2010, kuma masu sharhi sun faɗi haka tun fitowarsa.

Matsalar suna

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne, Hausa ba ta da suna guda na irin wannan mutum. Muna da ɗan fashi, wanda yake kisa don dukiya. Muna da maye, wanda aka ce kurwa yake kamawa don maitarsa. Muna da ɗan shan jini, wanda aka ce bokansa ne ya sa shi don ya yi arziki, ga kuma mahaukaci wanda aka ɗauke wa alƙalami. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan yana ɗauke da dalilinsa a cikinsa. 'Yan jarida sukan ce "kisan ɗauki-ɗai-ɗai", amma wannan siffar aikin ce kawai, ba ta ce kome ba game da mai aikin.

Tarihin garin ma haka ya koyar. Kisan da ya fi shahara a tarihin Auyo shi ne na Sarkin Auyo Nalara, wanda Sarkin Haɗeja Buhari ya sa aka kashe ba da daɗewa ba bayan hawansa a 1848, abin da ya sa Sakkwato ta tuɓe shi a 1850, ya ƙwace sarautar da ƙarfi a 1851, ya yi ta bore har rasuwarsa a 1863. Duk irin abin da ake faɗa game da zafin Buhari, ba wanda ya taɓa rasa amsar me ya sa: sarauta ce, Nalara kuwa abokin takara ne. Haka Dodon tatsuniya, yunwa ce take sa shi haɗiye mutane.

Don haka lokacin da na kalli fim ɗin tare da jama'a a wani gidan kallo a Auyo, inda galibin masu shiga samari ne, manoman shinkafa da masunta da 'yan acaɓa, tun kisan farko hasashe ya ɓarke. Wasu suka ce ɗan mafiya ne, za a nuna bokan nan gaba. Wasu suka ce abokan gabar Guru ne suka yi hayarsa. Da aka nuna shi yana ɗaukar kayan adon mata, sai aka ji ajiyar zuciya, an ce to, ashe ɓarawo ne. Watau kowa yana ƙoƙarin cusa shi cikin ɗaya daga cikin sunayen da muka ambata.

Mutumin kirki a zahiri

A nan ne, a ganina, fim ɗin ya yi abin a yaba, kuma yabon na Riteish Deshmukh ne, ɗan wasan da aka fi sani da barkwanci kafin wannan fim. A laccarsa da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jero halayen da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su, cikinsu har da haƙuri da kunya da ladabi. Idan aka ɗauki waɗannan uku aka auna Rakesh da idon maƙwabci, lalle zai ci jarrabawa. Ana zaginsa yana sunkuyar da kai. Ana wulakanta shi a wurin aiki yana ba da haƙuri. Ba ya dukan matarsa, alhali abokinsa Brijesh yana dukan tasa, har yana yi masa dariya a kan haka. Da a ce a unguwarmu yake, da shi za a riƙa yi wa yara misali.

Wannan ne ya dami 'yan kallo fiye da jinin da aka zubar. Wani dattijo ya ce irin wannan ba zai kwana biyu a Auyo ba, domin baƙo bai isa ya shigo da safe ba a sanar da bulama kafin la'asar ba. Sai a birni irin Mumbai, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Akwai gaskiya a maganar, domin kisan irin wannan ya fi samun mafaka a cunkoson birni, kamar yadda Raman Raghav ya yi ta kashe masu kwana a bakin titi a wannan birnin kafin a kama shi a 1968, ko Gracious David-West da ya yi ta kashe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020. Sai dai maganar ta kauce wa abin da fim ɗin ya nuna. Rakesh ba baƙo ba ne a unguwarsu, kowa ya san shi, kowa kuma ya raina shi. Tsaron da ƙauye yake taƙama da shi an gina shi ne a kan sanin mutum ta halinsa na fili, fim ɗin kuwa cewa yake yi halin fili yana iya zama mayafi. Karin maganar nan, mugu ba shi da kama, kowa ya san ta, amma ba kasafai ake son ganin ta a aikace ba.

Baki shi kan yanka wuya

Da an bar Rakesh a haka, cikin duhun da ba a gane kansa, da fim ɗin ya zama babban aiki. Mai shiryawa bai bar shi ba. Ya yi ta maimaita fitowar Sulochana tana masifa, kuma kusan kowace masifa sai kisa ya biyo bayanta, ta yadda zubin labarin da kansa yake ce wa mai kallo: ga sanadi, ga sakamako. Mai kallo ba ya bukatar jin Indiyanci kafin ya gane gorin matar, fuskarta da muryarta sun isa. Kafin a kai tsakiyar fim, hasashen tsafi da na haya duk sun kau, an sami amsa mai sauƙi: matarsa ce ta jawo. Na ji an kawo karin magana biyu, baki shi kan yanka wuya, da tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma duka biyun a kan mata aka jefa su, wadda ta yi gorin da waɗanda aka kashe. Har akwai wurin da aka yi shewa, lokacin da ya tasam ma wata ma'aikaciyar jinya da ta yi masa tsawa a asibiti.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan shewa, kada mu wuce ta da cewa ƙuruciya ce. Saurayin da ya yi ta, mai yiwuwa ambaliya ta cinye masa gona a daminar da ta wuce, ya san ɗacin a tambaye shi cefane ba shi da shi, ya kuma san tsawar ma'aikata a kan talaka. Ciwon Rakesh ciwonsa ne, wannan kuwa ba laifi ba ne. Tun fim ɗin M na Fritz Lang a 1931 ake sa mai kallo ya tausaya wa makashi. Bambancin shi ne, Lang ya sa ka tausaya wa mutumin ba tare da ya ɗora wa yaran da aka kashe alhakin kome ba. Ek Villain kuwa ya raba alhakin tsakanin makashi da matan da suka mutu. Gorin mata abu ne da gidaje da yawa suka sani, a Mumbai da Auyo, amma ba a ga mazajen duka sun ɗauki makami ba. Saboda haka gori bai isa ya zama bayani ba, uzuri ne kawai aka yi masa ado.

Mata ba sa shiga gidan kallo, a waya suke gani cikin gida, kuma waɗanda na sami jin ra'ayinsu ta hannun 'yan'uwa, wani abu dabam ya tsaya musu. Ba su tsaya a kan Sulochana ba. Abin da ya hana su barci shi ne makashin yana shigowa ne da sunan mai gyara, da jakar aikinsa, da sallamarsa. Wata ta ce tun daga ranar ba ta yarda mai gyaran lantarki ya wuce zaure in maigida ba ya nan. Da aka mayar wa mazan da wannan magana, sai suka ce ai shi ya sa ake rubuta "ba shiga" a ƙofar gida. Watau nan ma darasin ya koma kan mace: ta iya bakinta, ta kuma rufe ƙofarta.

Ramuwa

Game da Guru ba a yi dogon saɓani ba. Dukan farko an yi tafi, domin a idon jama'a shi ne mai haƙƙin jini. Da aka ga ya biya kuɗin asibiti don ya sake azabtarwa, sai tafin ya ragu, wani almajiri ya ce ƙisasi hukuma ce take zartar da shi, kuma shari'a ba ta yarda da gana azaba ba ko ga wanda ya yi kisa. Mai shiryawa ma bai bar Guru ya kashe shi ba, mota ce ta zo ta banke Rakesh a kan titi, mafitar da ni nake gani ta ragon marubuci ce, amma 'yan kallo suka karɓe ta da kabbara a matsayin hukuncin Allah. Sulochana kuwa tsohon ubangidan Guru ne ya kashe ta tun kafin nan, kuma ban ji wanda ya yi mata addu'a ba. Inda zauren ya yi tsit shi ne fitowar da Guru ya ɗauki Manish, ɗan Rakesh, ya riƙe shi a matsayin nasa. Da aka kashe janareta ana fita, muhawarar da ta biyo mutane har teburin mai shayi ita ce ko yaron zai gaji halin ubansa, da kuma ko akwai wanda zai ba shi 'yarsa idan ya girma.