Buroshin Ciyawa na Photoshop: Ya Iya Ganye, Bai Iya Fili Ba

Ka taɓa tsayawa gaban allon tallar gidaje, ko ka karɓo hoton biki daga situdiyo, ka ga an shimfiɗa wa mutane ciyawa kore shar a ƙarƙashin ƙafa, zuciyarka ta ce maka "wannan haɗi ne" tun kafin ka gano abin da ya tona asirin? Ido yakan gane ciyawar bogi cikin ƙiftawa, amma in aka ce mutum ya faɗi dalili sai ya hau inda-inda. Dalilin za mu bi yau, ta hanyar ɗora kayan aiki guda a kan sikeli: buroshin ciyawa da ke zuwa cikin manhajar Photoshop, tare da darasin da aka saba koyar da shi. In kana cin abinci da zanen kwamfuta, maganar ta shafi aljihunka, domin mai ba da aiki ma yana da irin wannan idon.

Mu fara da yi masa adalci

Photoshop ta fito a 1990. A 2002, da fitowar Photoshop 7, aka sabunta tsarin buroshinta ta yadda mai zane zai iya sa girman tambarin buroshi, karkatarsa da launinsa su riƙa sauyawa da kansu yayin da yake jan hannu. Cikin buroshin da suka yi suna da wannan tsari akwai biyu na ciyawa: Grass, mai ganye uku a tambarinsa, da Dune Grass, mai ganye ɗaya siriri. A sababbin fitowa an mayar da su cikin rukunin tsofaffin buroshi, amma har gobe ana amfani da su, kuma akwai makamantansu a GIMP da Krita.

Darasin da aka saba bayarwa gajere ne. Zaɓi kore mai haske da kore mai duhu, ɗaga maɓallan Jitter na girma da karkata da launi, sai ka goga daga wannan gefe zuwa wancan har fili ya cika. Gaskiya dabara ce mai kyau. Abin da zai ci wa mai zanen hannu yini guda, yaro ɗan koyo zai yi shi cikin minti biyu. Kuma in ganye goma ko ashirin kake so a gindin bango, ko a bakin takalmin wanda ka yanko daga wani hoton, da wuya ka sami abin da ya fi shi sauri. Sai an ce ya cika fili sannan aibinsa ke fitowa, kuma aibin uku ne.

Na farko: kowane ganye da ƙuri'arsa

Duk lokacin da buroshin ya buga tambari, kwamfuta tana jefa ƙuri'a: wane girma, wace karkata, wane kore. Ƙuri'ar wannan ganye ba ruwanta da ta maƙwabcinsa. Masu darasin suna ɗauka cewa haka halitta take, wai komai barkatai. To ba haka ciyawa ke tsiro ba.

Tuna gonar gero. Ƙwaya ɗaya za ta tsiro, ta yi 'ya'ya daga gindi, sai ka ga kara da yawa sun fito daga wuri guda suna buɗewa ta sama. Gero, dawa, shinkafa da ciyawar daji duk dangi ɗaya ne, dangi mai nau'i sama da dubu 11, kuma wurin tsironsu yana can ƙasa kusa da gindi. Shi ya sa ko an yanke ciyawa ko dabba ta ci, sai ta sake tohowa. Saboda haka ganyen gindi ɗaya sun yi tarayya a tushe, a shekaru, da kusan launi. Sannan inda ƙasa ta riƙe danshi duk ciyawar wurin za ta fi tsawo da duhu, inda ƙafa ke takawa duk ta kwanta, in iska ta kaɗa kuma yanki guda ne zai rusuna tare. Wato maƙwabta suna kama da juna, bambancin yana ƙaruwa ne a hankali yayin da kake nisa.

Masana zanen kwamfuta sun daɗe da sanin wannan. Ken Perlin, bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya ƙirƙiro wata hanyar samar da lambobin ƙuri'a waɗanda ke hawa da sauka sannu a hankali, ta yadda wurare biyu da ke kusa za su sami lambobi masu kusanci. Ya wallafa ta a 1985, kuma a 1997 aka ba shi lambar yabo ta Oscar ta ɓangaren fasaha saboda ita. Ita ake amfani da ita wajen zana gajimare, duwatsu da filaye. Buroshin ciyawa ba shi da wannan tunanin maƙwabtaka. Sakamakon shi ne fili mai hargitsi a kusa, amma in ka ja baya sai ka ga ko'ina iri ɗaya ne, kamar kafet. Ga kuma tambarin nan mai ganye uku da ke maimaita kansa sau dubbai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen kama abin da aka maimaita, ko an juya shi ko an rage masa girma.

Na biyu: babu inuwa a gindi

Je ka durƙusa gaban ciyawa mai kauri da rana tsaka, ka leƙa cikinta. Sama haske, tsakiya dishi-dishi, gindi kusan baƙi. A 1953 wasu masana tsirrai biyu 'yan Japan, Masami Monsi da Toshiro Saeki, suka nuna cewa haske yana raguwa ne ninki-ninki yayin da yake ratsa ganyaye zuwa ƙasa. A misali, in hawan ganye na farko ya bar rabin haske ya wuce, na biyu zai bar rubu'i, na uku kashi ɗaya cikin takwas. Wannan duhun na gindi shi ke gaya wa ido cewa ciyawa tana da zurfi.

Buroshin kuwa yana shafa wa kowane tambari launi guda daga gindi har kai. Ganye mai haske zai iya faɗawa ƙarƙashin mai duhu, don ƙuri'a ce ta zaɓa, ba rana ba. Abin mamaki, an magance wannan matsala tun Photoshop ba ta zo duniya ba. William Reeves da Ricki Blau, waɗanda suka yi aikin daji da ciyawar ɗan gajeren fim ɗin nan The Adventures of André & Wally B. na 1984 a sashen kwamfuta na Lucasfilm, wanda daga baya ya zama Pixar, sun bayyana hanyarsu a 1985. Su ma da ƙuri'a suka yi aiki, sai dai sun ɗaure ƙuri'ar da zurfi: gwargwadon nutsewar abu cikin ganyaye, gwargwadon raguwar hasken da yake samu. Ka ga ashe ƙuri'ar ba ita ce matsala ba, sakin ta babu linzami ne.

Akwai kuma batun launin kansa. Sinadarin kulorofil da ke cikin ganye yana shanye mafi yawan jan haske da shuɗi, ya bar wani kaso na kore, wajen nanomita 550, ya dawo ko ya ratsa ganyen. Don haka ganyen da rana ke bayansa yakan yi wani kore mai ɗorawa-ɗorawa kamar an kunna masa fitila, wanda rana ke gabansa kuma yakan yi ƙyalli fari-fari a inda ya lanƙwasa. In kana zuwa gidan kallon ƙwallo ka riga ka ga hujjar wannan. Layukan nan masu haske da duhu a filayen Firimiyar Ingila ba fenti ba ne, kuma ba ciyawa iri biyu ba ce. Injin yanka ne ya kwantar da wannan layi gaba, wancan baya. Wanda ya kwanta yana ba ka baya sai ya haska, wanda ya kwanto wajenka sai ya yi duhu domin inuwar cikinsa kake gani. Launin ciyawa ya dogara da inda ta fuskanta, da inda rana take, da inda kai kake tsaye. Buroshin bai san ko ɗaya cikin ukun nan ba.

Na uku: yana nuna abin da ido ba ya gani

Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abubuwa biyu da ke da tazarar kusan kashi ɗaya cikin 60 na digiri. In ka lissafa, a nisan mita 10 wannan ya kama kusan milimita 3, wato faɗin siririn ganyen ciyawa. Bayan wannan nisa, ganyaye sukan narke cikin juna, abin da ya rage sai faci-faci na haske da duhu. Kusa da ƙafarka kana kallon ciyawa daga sama, kana ganin ƙasa da gindi. Can nesa kuma kawunanta kawai kake hangowa, launin ya kuma kwanta saboda iskar da ke tsakaninku, balle in hazo ya sauka.

Darasin da aka saba yana cewa ka rage girman buroshi yayin da kake nisa, shi ke nan. Sai ka sami ƙananan ganyaye tsaf-tsaf har bakin sararin sama, kowanne da kaifin bakinsa. Mai zane yana ganin ya yi ƙoƙari, ido kuwa yana ganin ƙarya.

Duba ciyawar da wataƙila ta fi kowace ciyawa shan kallo a duniya, wato tudun nan kore na fuskar Windows XP, wadda ta fito a 2001. Charles O'Rear ne ya ɗauki hoton a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya, da fim ɗin Fujifilm Velvia wanda aka sani da ƙara wa launi ƙarfi, kuma ya ce bai yi wa hoton gyaran kwamfuta ba. In ka sake dubansa, ba ƙirgen ganye ne ya sa ka yarda da shi ba. Manyan facin haske da inuwa da ke kwance a kan tudun, da yadda koren ke sauyawa daga ƙasa zuwa sama, su suka yi aikin.

Ciyawar wa ake zanawa?

A 1503 mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya zana ɗan guntun fili da fentin ruwa a takarda mai tsawon kusan santimita 41. Zanen yana gidan tarihi na Albertina a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. Ya sauko da idonsa daidai da ƙasa, ya zana ciyayi iri-iri a cakuɗe, dogaye da gajeru, da tsirrai masu faffaɗan ganye a tsakaninsu, da taɓon da suka tsiro a kai, har da saiwoyi a wasu wuraren. Masana tsirrai suna iya kiran sunan nau'in da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Shekara ɗari biyar ke nan, amma ya fi abin da buroshinmu ke fitarwa kama da gaskiya, domin ciyawar wani takamaiman wuri ce da mutum ya zauna ya kalla.

Nan ne babban ƙorafina yake. Buroshin yana ba ka ciyawar da ba ta da gari. Nau'i ɗaya, tsawo kusan ɗaya, babu fure, babu busasshen ganye, babu ƙasa. Mai zane a Kano ko Maraɗi sai ya ɗauko ta ya shimfiɗa gaban gidan da za a gina a wurin da ake wata shida ko fiye ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Mai sayen gida ya ga dausayi a allo, ya je ya tarar da jar ƙasa. Alhali muna da namu. Gamba tana tsiro gindi-gindi, da ƙasa a fili tsakanin wannan gindi da wancan, tana iya fin mutum tsawo, ita ake saƙa zana da ita. Kyasuwa tana fitar da kai mai laushi ja-ja a ƙarshen damina. Ƙarangiya gajera ce a yashi, da ƙayarta mai kama wando. Kiri-kiri kuwa rarrafe take yi a ƙasa tana kafa saiwa a gaɓoɓinta. Kowacce da surarta, kuma daga Oktoba zuwa gaba kusan dukkansu sun koma ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. Kama da wane ba ta wane, in ji Bahaushe.

To me za ka yi?

Ba na ce ka jefar da buroshin ba. Ka sauya masa matsayi, ya zama shi ne na ƙarshe a aiki maimakon na farko. Fara da ƙasa, ka shafa launin ƙasar wurin da kake zanawa. A kanta ka ɗora manyan facin kore masu duhu da haske da buroshi mai laushi, ka tsayar da inda rana take tun daga nan. Tacen Clouds da ke cikin Photoshop yana ba da faci mai sauyawa a hankali, irin wanda muka yi magana a kai, kana iya amfani da shi wajen raba wurin da ciyawa ta yi kauri da inda ta yi sako-sako. Sai ka gina ciyawar hawa-hawa, kowane hawa a shimfiɗarsa: mafi duhu a ƙasa, matsakaici a kai, mafi haske a kawuna kawai, kuma ta gefen da rana ke bugawa. Ka rage ƙuri'ar karkata, ka riƙa sauya karkatar da hannunka daga yanki zuwa yanki. Ganye ɗai-ɗai ka bar su a gaban hoto kawai. In ka yanko mutum ka ɗora, ka sa inuwa a gindin ƙafarsa, ka bar 'yan ganyaye su rufe bakin takalmin.

Mafi muhimmanci, ka yi naka tambarin. Photoshop tana ba ka damar mayar da kowane zane baƙi a kan fari ya zama buroshi. Ka tsinko gamba ko kyasuwa, ka ɗora a farar takarda, ka ɗauka da wayarka, ka yi tambari biyar ko shida mabambanta, har da busasshe da karyayye. Kafin nan kuma, in damina ta sauka, ka sami fili ɗaya kusa da gida ka ɗauki hotonsa da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, kana tsaye a wuri guda. Ka jera hotunan uku a allon kwamfutarka, ka ɗebi launi daga kowanne. Za ka tarar da launuka da ba ka taɓa zaton suna cikin ciyawa ba, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su yi kama da koren nan biyu da darasin ya ce ka zaɓa.