Betsy da Mai Lasar Kaska: Sunayen Bindigogin Ɗura-ta-Baka

Duk lokacin da aka ambaci Old Betsy, bindigar Davy Crockett, sai wani mai ganin kansa wayayye ya taɓe baki ya ce ai wasan yara ne, ko kuma ƙirƙirar 'yan fim ce, tunda kamfanin Disney ne ya cusa sunan a kunnen duniya da shirinsa na talabijin a 1954 da 1955. Disney ya yayata, babu musu. Amma raɗa wa bindiga suna ya girmi Disney da shekaru sama da ɗari, kuma wanda ya kira shi wasan yara bai taɓa ɗura albarushi da hannunsa ba.

Tarihin gajere ne. A ƙarni na 18 maƙeran Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka, musamman yankin Lancaster, suka ƙera doguwar bindigar da daga baya aka laƙaba wa sunan Kentucky. Bututunta ya haura mita ɗaya, an yi masa tsagi mai murɗe a ciki don dalma ta fita tana juyi. Mafarauta da masu kutsawa daji suka rungume ta. Daniel Boone yana da Tick Licker, Crockett yana da Betsy, Joe Meek na duwatsun yamma yana da Sally.

Me ya sa suna? A kalli yadda ake ɗura ta. Maharbi zai auna albarushi ya zuba ta baka, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle mai maiƙo a bakin, ya ɗora dunƙulen dalma, ya danna da sanda har ya ji ya zauna. Sannan ya barbaɗa garin albarushi a ɗan kaskon da ke gefe, inda ƙanƙara za ta ƙyasta wuta. Kowane mataki akwai inda wannan bindiga ta bambanta da waccan. Da hannu aka ƙera su ɗaya bayan ɗaya, faɗin bututu ba ya zama daidai, shi ya sa kowace take zuwa da mazubin dalmarta. Wata tana son albarushi da yawa, wata in ka ƙara mata sai ta watsar da harbi. Wata tana karkata hagu kaɗan. Wata in raɓa ta sauka sai ta yi nawa, ka ja kunama ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta amsa. Abin da ke da hali irin wannan, Bahaushe ma ya san ba a barinsa babu suna. Ko dokin da ke turke da karen farauta ba a ce musu "wancan".

Sunayen iri biyu ne, kuma ba na ɓoye wanda na fi so. Akwai na mata, irin Betsy da Sally. Masu nazari sun cika takarda a kansu, wai kaɗaicin daji ne ya sa namiji ya mai da ƙarfe mace. Wannan fassara ta yi arha. Sunan mace dai yana gaya maka mai bindigar yana ƙaunarta, daga nan ya tsaya. Crockett ma bai tsaya ga Betsy ɗaya ba: wadda magoya bayan jam'iyyar Whig suka ba shi a Philadelphia a 1834 an san ta da Pretty Betsy. Sunan da za a iya cirewa daga wannan a manna wa waccan bai kama jikin ƙarfen ba.

Tick Licker kuwa wani abu ne daban. Ma'anarsa mai lasar kaska, kuma labarin da ke bayansa shi ne Boone yana cika baki cewa zai harbo kaska daga jikin dabba ba tare da ya ƙwarzane ta ba. A duba kalmar da aka zaɓa. Bindiga abar tsawa ce da hayaƙi, amma aka ba ta aikin harshe, lasa, aiki mafi taushi da baki ke yi. Kuma aka haɗa ta da abu mafi ƙanƙanta da ke jikin dabba. Da an ce mai kashe zaki, da ƙarfi aka yaba, kuma kowace bindiga tana da ƙarfi. Nan saiti aka yaba, wanda shi ne babban abin da doguwar bindiga mai tsagi ta fi Brown Bess ta sojan Ingila da shi, ko da yake Brown Bess ta fi saurin ɗuri. Akwai kuma raha a ciki: mai ji ya san ƙarya ce, mai faɗi ya san an sani, amma iƙirarin ya zauna. Wannan kirari ne tsantsa, irin wanda maharbi ke yi wa kansa ta bakin makaminsa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan salla, ya ji ƙarar adaka ya shaƙi hayaƙinta, zai gane irin wannan alfahari ba sai an yi masa sharhi ba.

James Fenimore Cooper ya gano wannan. A littafinsa The Last of the Mohicans na 1826 ya ba bindigar jaruminsa suna Killdeer, kashe-barewa, wanda kuma sunan wani tsuntsu ne a Amurka. Sai ya juya abin: maƙiyan jarumin suna kiransa da Faransanci La Longue Carabine, wato Doguwar Bindiga. Mutum ya raɗa wa ƙarfe suna, ƙarfe ya rama.

Ni dai ra'ayina, masana'anta ce ta kashe al'adar, ba wayewa ba. Da aka fara ƙera bindigogi dubbai masu sassa iri ɗaya, aka buga wa kowace lamba, hali ya gushe, suna ya rasa abin kamawa. Hujjata tana garin Friendship a jihar Indiana, inda ƙungiyar masu harbi da ɗura-ta-baka ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, take taronta. Masu wannan sha'awa har yau suna auna albarushi, suna yanka ƙyalle, suna gwada bindiga watanni kafin su san abin da take so, kuma a cikinsu ne za ka ji mutum yana cewa tasa ta yi fushi yau saboda damshi, yana kiranta da sunanta.