Ford Galaxy a Ƙofar Masallacin Regent's Park: Ta Dace da Ɗalibi Mai Iyali?

Duk wanda ya saba sallar Juma'a ko ta Idi a babban masallacin Landan da ke gefen Regent's Park ya san cewa kafin ya hango ƙubbar nan mai ruwan zinare, sai ya fara cin karo da manyan motoci masu kujera bakwai suna ta zagaya unguwa, suna neman inda za su raɓa. Masallacin da aka kammala a 1977 yana ɗaukar masallata sama da 5,000, amma wurin ajiye motocinsa ba zai ishi ko ushirinsu ba. A cikin waɗannan motoci, wadda ta fi shiga ran mutanenmu ita ce Ford Galaxy, kuma ita nake so mu ɗora a sikeli, domin kusan duk ɗalibin da ya zo da iyali sai an ba shi shawarar ya saye ta.

Shawarar tana da dalili. A shekarar 2022 kaɗai, Birtaniya ta ba iyalan ɗaliban Najeriya biza sama da 60,000, fiye da na kowace ƙasa. Daga Janairun 2024 an hana masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, sai masu bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan da 'ya'ya uku, huɗu, wani ma biyar. Mu kuma mun taso ne a bayan Peugeot 504 mai dogon baya, wadda a da ake haɗawa a Kaduna, daga baya Toyota Sienna ta gaje ta a tashoshin Kano da Abuja. A idonmu babbar mota ita ce alamar magidanci ya kai. To amma a gida yaro huɗu kan zauna a kujerar mutum biyu, na biyar a cinyar uwa. A nan doka ba ta san wannan ba. Tun Satumbar 2006, duk yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba, dole ya zauna a kujerar yara tasa ta kansa, ɗaure da bel.

A nan ne Galaxy ta ci sunanta, kuma ba zan rage mata komai ba. Layinta na tsakiya kujeru uku ne cikakku, kowace zaman kanta take, tana matsawa gaba da baya. Kujerun yara uku suna jeruwa a kai ba tare da an yi kokawa ba, abin da yawancin ƙananan motoci ba za su iya ba, har ma da wasu masu ƙirar jif da ake yayi yanzu. Kujeru biyu na can baya kuwa babba zai zauna a ciki daga Landan har Birmingham bai sauko yana ɗingishi ba, saɓanin na Vauxhall Zafira waɗanda na yara ne kawai. Rufinta yana da tsayi, tagoginta manya, uwargida na iya juyowa ta ga kowa. A babbar hanya tafiyarta lumui, ba ta da hayaniya, kuma mai injin dizal ba ta shan mai kamar yadda girmanta zai sa ka zata. Idan aikinka shi ne ɗauko surukai daga Heathrow ko kai iyali suna a Manchester, da wuya ka sami wadda ta fi ta a kuɗinta.

Sai dai ko a wannan akwai abin dubawa. Idan aka tayar da kujeru bakwai duka, abin da ya rage na but wajen lita 300 ne kawai, wato keken jariri ɗaya da 'yan ledojin cefane. Buhun shinkafa da jarkar mai da akwatunan Hajiya da ta sauka daga jirgi ba za su shiga ba sai an kwantar da kujerun baya, ka ga ke nan ta koma motar mutum biyar. Ƙofofinta kuma irin na ƙaramar mota ne, buɗewa suke waje. Volkswagen Sharan da SEAT Alhambra, waɗanda tare aka fara ƙera su da Galaxy a Fotugal a tsakiyar shekarun 1990, sun koma ƙofa mai zamewa daga 2010. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ciro jariri daga kujerarsa a matsattsen wuri, ga motar wani a manne da tasa, ya san abin da wannan bambanci yake nufi.

Babbar tambayar ita ce zirga-zirgar yau da kullum, kuma a nan ne nake ganin masu ba da shawarar suke yi wa ɗalibai gurguwar fahimta. Tsawon Galaxy ya kusa mita 4.85, alhali layin ajiye mota da aka saba shatawa a ƙasar nan mita 4.8 ne. A titunan da ke kewaye da masallacin, daga Park Road zuwa St John's Wood, mafi yawan wuraren na mazauna unguwa ne masu takardar izini, sauran kuwa na kuɗi ne, a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi tsada a Landan. Sau nawa mutum ya baro gida da niyyar sahun gaba, ya ƙare yana zagaye har liman ya sauko daga mumbari? Wanda ya biyo jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a Baker Street kuwa, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa, kuma yaran da ba su kai shekara 11 ba kyauta suke shiga idan suna tare da babba.

Ga kuma haraji. Harajin cunkoso da magajin gari Ken Livingstone ya kawo a Fabrairun 2003 ya fara ne da fam 5 a rana, a 2020 ya kai fam 15. Masallacin yana wajen iyakar, domin daga Marylebone Road ta fara, amma ɗan kuskuren kwana ɗaya ya isa kyamara ta ɗauke ka. An yafe wa motoci masu kujera tara zuwa sama idan an yi musu rajista, mai bakwai kuwa ba ta samu shiga ba. Wanda ya fi cizo shi ne harajin hayaƙi na ULEZ. Ya fara a tsakiyar gari a 2019, ya haɗiye Regent's Park a 2021, sannan a Agustan 2023 ya game Landan baki ɗaya. Motar dizal da ba ta kai ma'aunin Euro 6 ba, wato galibin waɗanda aka yi wa rajista kafin ƙarshen 2015, tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: Juma'a kaɗai, sau 52, fam 650 ke nan a shekara. Idan da kai yara makaranta kwana biyar, fam 62.50 duk mako. Galaxy ɗin da ɗalibi yake iya saye da kuɗin aljihunsa kuwa, ita ce dai ƙirar 2006 zuwa 2015, kuma yawancinsu dizal ne. Arhar da ka gani a talla, wannan ne sirrinta. Araha dai ba ta ado.

Ko ka dace da sabuwar ƙira, dizal ba ya son zaman gari. A bututun hayaƙinsa akwai matata mai tare baƙin toka, wadda ba ta ƙone abin da ta tara sai injin ya yi zafi a doguwar tafiya. Motar da kullum aikinta daga gida zuwa makaranta zuwa shagon nama, a titunan da aka ƙayyade gudu mil 20 a awa, matatar toshewa take yi, gyaranta kuma ba na ɗalibi ba ne. Bakanike a nan da awa yake caji, ba irin na Ƙofar Ruwa ba ne da za ku daidaita a tsaye. Sannan a lura da tarihin motar. Shekara da shekaru baƙaƙen Galaxy su ne motocin kamfanin haya na Addison Lee, haka ma direbobin haya masu zaman kansu sun yi ta amfani da ita, saboda haka da yawa daga cikin na kasuwar gwanjo sun sha tafiya. Tarihin gwajin MOT na kowace mota yana shafin gwamnati kyauta, da lambar mota kawai za ka ga mil nawa ta ci kowace shekara. Kada kunya ta hana ka dubawa don mai sayarwar ɗan uwa ne da kuke sahu ɗaya.

Wani zai ce ai motar za ta ciyar da kanta, a ɗan taɓa kabu-kabu da yamma. Wannan magana a bar ta a Kano. Ɗaukar fasinja da kuɗi ba tare da lasisin hukumar sufurin Landan ba laifi ne, bizar ɗalibi kuma ta hana sana'ar kai gaba ɗaya. Lasisin tuƙi na Najeriya ma wata 12 kawai yake aiki, bayan nan sai ka ci jarrabawar nan, kamfanonin inshora kuma sabon direba suke ɗaukarka ko da ka shekara goma kana bin hanyar Zariya.

A nawa ganin, Galaxy mota ce ta ƙwarai ga wanda ya zauna da gindinsa: mai 'ya'ya huɗu zuwa sama, mai gida a bayan gari irin su Luton ko Slough da filin ajiye mota a ƙofarsa, mai yawan doguwar tafiya. Shi ma ya nemi ƙirar 2015 zuwa sama, ya kuma san cewa Ford ta daina ƙera ta a 2023. Amma ɗalibin da ke haya a cikin Landan, wanda buƙatarsa ta kujera bakwai ba ta wuce Sallah biyu da zuwan baƙi ba, hayar mota ta kwana biyu sau uku ko huɗu a shekara ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Saura masu cewa in an gama karatu sai a sa ta a jirgin ruwa a kai gida. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kuma dokar hanya ta hana motoci masu sitiyari a dama, irin na Birtaniya. Sai dai a kai ta gareji a juya sitiyarin, a taɓa birki da wayoyin lantarki, sannan a ɗora mata iyali a hanyar Kaduna. Wanda bai yarda da wannan kasada ba, a nan zai sayar da ita, cikin gaggawa, a makonnin ƙarshe na bizarsa, ga mai saye da ya san jirginsa ya kusa tashi.